Ya Amsa da Kwanukan Ƙofar Baya

In ka taso daga Dawanau ka nufi Dawakin Tofa, akwai wata kwana da direbobi ke taka birki alhali babu rami babu ɗan sanda. Ƙamshi ne yake tsayar da su. Nan ne Tsamiyar Kallamu, nan ne kuma shagon abincin Ya Amsa, gajeriyar mace kakkaura mai muryar da ake ji daga tsallaken titi. Kallamun da garin ya ci sunansa kakanta ne. Daga Barno ya taho fataucin kanwa, ya ga ƙasar noma, ya sauke jakunansa bai ƙara ɗaura musu kaya ba. Ita kam ba ta taɓa taka Barno ba, Barbarcin nata ma bai wuce gaisuwa da zagi guda biyu ba. Amma burabuskonta da miyar yakuwa, wallahi ko can aka kai shi sai an suɗe kwano.

Da tire a ka ta fara, tana bin mijinta Umara kasuwar Dawanau inda yake awon hatsi. Da Allah ya yi masa rasuwa ta kafa rumfar zana a bakin titi, rumfa ta zama shagon bulo mai benci huɗu. Ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa jin ta rasa wani abu ba. Abu biyu ne ke tayar mata da hankali a duniya: mutumin da zai ce a ƙara miya tun bai ɗanɗana ba, da mutumin da zai leƙa kwanon wani.

Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Aka canza kuɗi, takarda ta ɓace a hannun mutane, direba ya ci ya ƙoshi ya miƙo mata kati. Dole ta sa ta karɓi na'urar POS, 'yar ƙarama baƙa, ta rataye ta a ƙusa jikin taga inda sabis yake ɗan leƙowa. Ta raɗa mata suna Kurma. A zura mata kati, ta yi dogon tunani kamar mai tuna mafarki, ta tofo 'yar takarda, shi ke nan. Ba ta tambayar sunanka, ba ta san daga ina kake ba. Bayan haka mai ya tashi, motoci suka ragu a titi, benci biyu daga cikin huɗu suka koma wurin kwanciyar kyanwa.

Wannan duk labarin ƙofar gaba ne. Shagon yana da ƙofar baya, mai kallon gari, kuma can ne ainihin maganar take.

A da, a garin nan, da yamma za ka ga kwanuka na tsallaka katanga, wannan gida ya aika wa wancan, wancan ya mayar da nasa. Ciyayya ke nan. Da abubuwa suka tsananta sai ta mutu shiru, ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Mutane sun sayar da hatsinsu tun da kaka don taki da magani, rumbu ya zama ɗakin kaji. Ta kai ɗora tukunya, da itacenta da manta da kayan miyanta, ta fi sayen dafaffe tsada. To amma a Tsamiyar Kallamu, magidanci ya sayi dafaffen abinci ya shiga da shi gida daidai yake da ya hau katanga ya yi shela cewa ya gaza. Akwai waɗanda gara su kwana da ruwa a ciki.

Asiya ce ta buɗe hanyar. Dillaliya ce, tsohuwa siririya, mai hijabi har ƙasa wanda za a iya ɓoye akuya a cikinsa. Aikinta shiga gida-gida da atamfa da turare da labarin da ba a tambaye ta ba, don haka ba mai kallonta sau biyu. Wata rana ta shigo ta ƙofar baya, ta zaro wani kwano mai lotsattsen murfi, ta ce, “An ce ki zuba na kuɗin da ke ciki.”

Ya Amsa ta san kwanon. Tana wurin aka jera shi a ɗakin Furera ranar da aka kawo ta gidan Malam Iliyasu, tsohon shugaban makarantar firamare, mutumin da rabin garin suka koyi baƙi a hannunsa, wanda ke jan salla in liman ba ya nan. Ta kalli kwanon, ta kalli Asiya. Ta zuba, ta danna da bayan ludayi, ta ƙara.

Kafin damina ta zagayo kwanukan sun kai sha ɗaya. Ba a kiran sunan gida a wannan ƙofar. Sai dai Mai Lotsa, Mai Jan Fure, Kunne Ɗaya. Su zo a ƙarƙashin hijabi da abin da ya sawwaƙa a ƙulle a gindinsu, wani lokaci ma ɗan wake ne ko ƙwai biyu, su koma a ƙarƙashin hijabi da zafinsu. A cikin gida a juye a akushi, maigida ya ci ya ce an gode Allah, matar gida ta ce a ci lafiya. Kowa ya sani, kuma ba wanda ya sani. Asirin gida sha ɗaya yana hannun Ya Amsa, tana ji da shi fiye da yadda take ji da shagon.

Ana haka sai ga Muhammadu Sani. Wakilin kamfanin da ya ba ta Kurma ne, mutum mai kirki, ɗan shekara talatin da wani abu, da jaka a baya da takalmi mai sheƙi. Ya ci burabusko kwano biyu tukuna, abin da ya sa ta saurare shi.

“Hajiya,” ya ce, yana nuna Kurma da cokali, “wannan ta tsufa. Akwai sabuwar manhaja da za mu saka miki. Alhazan Dawanau suna zaune a sitonsu za su danna waya, oda ta faɗo nan, a zuba a roba, mai babur ya kai musu. Tekawe da dilibari ke nan. Na yi magana da su, kwano arba'in kullum ba fashi.”

“Ita na'urar ce za ta dafa?”

“A'a, ke za ki dafa.”

“Ita za ta kai?”

“Mai babur ne zai kai.”

“To ita mene ne aikinta, ɗan nan?”

“Ita ce mai sani, Hajiya. Wa ya saya, me ya ci, ina gidansa, ƙarfe nawa aka kai masa. Komai tana riƙewa.”

Ya Amsa ta taɓe baki. Amma kwano arba'in ba wasa ba ne ga mai benci biyu da kyanwa a kai. In gaskiya za a faɗa, ranta ya biya. Da ya ce gwajin kwana uku ne, in ba ta so a mayar mata da Kurma yadda take, sai ta ce to, a gwada.

Ranar farko abin ya ba ta sha'awa, ba ta ɓoye ba. Ya kawo wata na'ura mai faɗin faranti ya jingina a kan tebur. Can sai ta yi ƙara, muryar wata mace ta ce, “Sabuwar oda.” Ya Amsa ta amsa mata da “To, na ji,” kafin ta tuna ba mutum ba ce. Mai babur ɗin da kamfani ya turo, Sama'ilu, magidanci ne daga Kurna, ba ya yawan magana amma hon ɗinsa ba ya hutawa. A bayan babur ɗin an ɗaura wani ƙaton akwati ruwan lemo, da hoton cokali da faranti a jiki, wanda ko makaho zai ji zuwansa. Kafin azahar ya yi sawu uku Dawanau, tukunyar shinkafa da wake ta ƙare ƙarƙaf.

Matsalar ta fara ne da Muhammadu Sani ya zagaya baya wanke hannu, ya tarar da Asiya tana cusa kwanuka a hijabi.

“Ashe kina da dilibari tuni, Hajiya. Kawo sunayensu in shigar.”

“Ba su da suna.”

“Lambar waya fa?”

“Ka taɓa ganin kwano da waya?”

Ya yi dariya, ya ɗauka raha ce irin ta tsofaffi. Ya ce to ba komai, ya zaro wata waya ya ce a bar Asiya ta riƙe ta a jakarta, don kawai a ga tsawon lokacin da zagayen ke ɗauka. Ya Amsa ta auna abin a ranta: waya a cikin jaka, jaka a cikin hijabi, ina za ta ga hanya? Ta yarda. Wannan shi ne kuskurenta, kuma har yau in ta tuna sai ta ja tsaki.

Suka zauna suna kallon wani ɗan ɗigo shuɗi, wanda ya ce Asiya ce, yana rarrafe a kan taswirar garin a fuskar na'ura. Ya shiga nan, ya fita, ya shiga can. A wani gida ya tsaya cak minti arba'in.

“Ta daina motsi,” in ji Muhammadu Sani cikin damuwa. “Ko faɗuwa ta yi?”

“Bakinta na motsi,” in ji Ya Amsa. “Ƙyale ta.”

Gida talatin da huɗu Asiya ta shiga a ranar, na kwano da na atamfa da na gulma zalla. Na'ura ta riƙe su duka, ba ta bambanta ba.

Rana ta biyu Asiya ta kawo kwanukan da hantsi, ta ce za ta leƙa wani suna a bayan gari ta dawo yanzun nan. Duk wanda ya san Asiya ya san yanzun nan ɗinta la'asar ce. Ya Amsa ta zuba, ta jera su a bayan ƙofa, ta rufe da zani, ta shiga ɗaki sallar azahar.

Muhammadu Sani ya ɗaga zanin ya ga abinci na hucewa. Mutum ne da ba ya son ganin aiki a ƙasa. Ga babur a tsaye, ga taswirar jiya da gidaje talatin da huɗu reras. Abin da bai sani ba kawai shi ne wane kwano ne na wane gida, wannan kuwa a ganinsa ƙaramar magana ce. Ya loda su a akwatin ruwan lemo, ya ce wa Sama'ilu, “Bi taswira. Duk ƙofar da ka je ka yi sallama, ka buɗe akwatin, ka ce su duba ko akwai nasu.”

Ya Amsa ta sallame ta fito, ta ga zani a ninke, wuri wayam.

“Ina kwanukan?”

“Na sauƙaƙa miki, Hajiya,” ya ce, fuskarsa fal murna. “Cikin minti ashirin za a gama.”

Daga can cikin gari ta jiyo hon.

Ba ta tsaya ko zaginsa ba, kuma wannan ya nuna girman abin. Mace mai shekara hamsin da shida, wadda rabonta da gudu tun tana budurwa, ta yanki gonar dawa da ludayi a hannu. Takalmi ɗaya ya tsaya a kunya, ba ta waiwaye shi ba. Tana gudu tana innalillahi tana haki.

Ta makara da gida ɗaya. Sama'ilu ya riga ya tsaya a ƙofar Alhaji Nababa, mai gidan bene ɗaya tilo a garin, wanda Asiya ta kai wa matarsa turare jiya. Ta tarar da Alhajin a tsakiyar hanya, babbar riga na faɗowa daga kafaɗa, yana faɗa da ƙurar babur.

“Ni za a buɗe wa akwati a ce in duba ko akwai kwanona? Ni Nababa? An ce muku bara nake yi?”

Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Gida na biyu a taswira shi ne na Malam Iliyasu, jikin masallaci, kuma an fito salla ke nan. Dattawa kusan goma na zaune a tabarma a ƙofar gidan. Sama'ilu ya kafe babur, ya buɗe akwatin, ƙamshin miyar yakuwa ya bugi kowa.

“Salamu alaikum. Daga shagon Ya Amsa. An ce maigidan nan ya duba ko akwai nasa.”

Mai Lotsa ne a sama, murfinsa na ƙyalli a rana. Sauran mazan ba su gane shi ba, don namiji bai san kwanon gidansa ba balle na maƙwabci. Amma Malam ya gane. Ya Amsa ta ga yadda carbi ya tsaya a hannunsa, ta ga dattijon da bai taɓa sunkuyar da kai a garin nan ba yana neman inda zai sa idonsa. A cikin mazaunan tabarmar, ta san akwai masu kwano huɗu a akwatin nan, kowanne ya ƙura wa ƙasa ido. Wani har ya fara cewa, “Malam, ashe kai ma...”

“Sadaka ce,” in ji Ya Amsa.

Duk suka juyo. Ga ta nan, ƙafa ɗaya ba takalmi, ɗankwali a karkace, numfashi na fita da ƙyar.

“Sadakar Umara ce. Kowane gida a garin nan zai samu, daga kan gidan Malam za a fara don shi zai yi addu'a. Wannan bawan Allah baƙo ne, bai iya faɗa ba.”

Don kada ta zama maƙaryaciya a ƙofar masallaci, nan take ta ƙulla niyya a zuciyarta, ta ce Allah ka kai ladan kabarin Umara, ka san dai ba haka na shirya ba.

“Umara kuma?” in ji wani tsoho. “Shekara tara fa ke nan.”

“Sadaka tana ruɓewa ne, Baba?”

Malam Iliyasu ya ɗago kai a hankali, ya dube ta, ita kuwa ta mai da idonta kan tayar babur. Ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Addu'ar da ya yi wa Umara a ranar ta fi wadda aka yi masa ranar bakwai tsawo.

To, magana ta fita, sai cikawa. Kowane gida ta ce, kuma gidajen garin sun haura sittin. Kwano arba'in na Alhazan Dawanau, da aka riga aka zuba a roba, suka bi lungu-lungu. Aka sake ɗora tukunya. Sama'ilu ya yi ta zarya da akwatinsa, wannan karon da izinin yin hon. Kwanuka sha ɗayan nan suka shige gidajensu a cikin rububin, ba wanda ya lura. A shago kuwa na'ura sai kuka take, “Oda ta makara, oda ta makara,” har Ya Amsa ta kifa mata kwando. Alhazan suka kira suka yi faɗa, rabinsu suka rantse ba su ƙara saye. Alhaji Nababa ya karɓi tasa robar da yatsa biyu, ya ce don dai sadaka ce, ba kyau a mayar.

Rana ta uku Muhammadu Sani ya zo da sassafe, ba kuzari, takalmin ma bai goge ba. Sama'ilu ya fayyace masa komai a hanya, don shi tun a ƙofar Malam ya gane.

“Hajiya, ki yafe ni. Wallahi ban sani ba.”

“Na san ba ka sani ba. Zauna ka ci abinci.”

Ya ci, ya ɗan dawo hayyacinsa, sai halin sana'a ya motsa. Ya ce har yanzu ana iya gyarawa. Zai lallashi Alhazan, a bar manhajar ta riƙa aikin ƙofar gaba kawai.

Ya Amsa ta daɗe tana juya miya. Tana son kwano arba'in ɗin nan, Allah ya sani, buhun shinkafarta saura kwata.

“Gidajen da ta gani shekaranjiya, suna cikinta?”

“Suna nan.”

“A cire su.”

“Zan iya ɓoye su daga nan. Amma suna can a ajiye a wurin kamfani, ba sa ɓata. Ai amfaninta ke nan, Hajiya, ba ta mantuwa.”

“To ɗauke ta,” ta ce. “Ni da Asiya ma da ƙyar muke riƙe bakinmu, balle a ƙaro ta uku wadda ba ta jin kunyar kowa. Mayar mini da Kurma.”

Yana cikin naɗe wayoyinsa Asiya ta shigo ta baya, tana tafiya da ƙyar, hijabin ya kumbura kamar ta saci tunkiya. Ta fara sauke kaya. Mai Lotsa. Mai Jan Fure. Kunne Ɗaya. Sha ɗaya suka cika, hannunta bai daina shiga hijabi ba. Gidajen da suka ɗanɗana sadakar jiya, wasunsu ashe jiyan ce rana ta farko a makon da yaransu suka ci suka bar saura. Sun tare Asiya a zaure, kowa da raɗarsa. Kwano sha tara ta jera.

Sai ta tsaya, ta waiga, ta zaro wani abu na ƙarshe a naɗe cikin turmin atamfa. Ta warware a hankali. Kular abinci ce mai ruwan zinare, irin tsarabar Makka. Guda ɗaya ce tak a garin, kuma kowa ya san daga wane bene take saukowa ranar salla. Ya Amsa ta buɗe ta. Babu komai a gindinta, ko ƙwai ɗaya.

Muhammadu Sani ya ga kular, ya kalli matan biyu, sai ya tuna yana da abin dubawa a jikin tsamiya, ya fita ya ba su baya.

Tausayi ya kama Ya Amsa har idonta ya yi zafi, ta ce itacen yau ɗanye ne. Ta ja kular gabanta, ta zuba, ta danna da bayan ludayi, ta ƙara. Ta laluba ƙasan tukunya ta samo tsoka biyu ta tura ciki, ta rufe, ta mayar da atamfar yadda take.

“Wane suna za mu sa mata?” in ji Asiya ƙasa-ƙasa.

“Atamfa ce kika kai wa Hajiyar gidan bene ta gani,” in ji Ya Amsa. “Fara kai ta tun da zafi. Kuma ki bi ta bayan masallaci.”